Durƙuso Ba Biko Ba Ne

Zuwa ga Hadiza 'yar Bawa, matar Majid, a duk garin da take.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki da ranki da lafiyarki. Ni dai ina nan Madina, a unguwar Harra ta Gabas, a gidan da kika sani.

Zan fara da abin da ya daɗe yana cin raina. Shekarun nan duka tambaya ɗaya nake yi a unguwar nan, kuma babu wanda ya tsaya ya dubi idona ya ba ni amsa. Na tambayi maza, sun ce in tambayi mata. Na tambayi mata, sun ja mayafi sun ce sallah za su yi. Na tambayi liman, ya ce in yi haƙuri. Ni ba haƙuri na roƙa ba. Cewa na yi ina 'yata take.

Kin san ban yi karatu ba, na allo ma ban wuce abin da zan yi sallah ba. Yaƙubu tela, mutumin Cadi, shi ke rubutawa ina faɗa, kuma na gaya masa kada ya gyara mini magana, inda na yi zagi ya sa zagin. Za a kwafe ta da yawa a ba direbobin Yanbu da Tabuk da Jidda, a ba matan da suke yawon biki. Duk wanda ta faɗa hannunsa ya karanta. Da ke nake magana, amma su ma su ji.

Abin ya faro ne daga dish ɗin nan, farantin da mahaifiyarki ta matsa mini sai an kafa a kan rufi. Ta ce don ta riƙa jin wa'azi ne da labarin gida. Wa'azin bai yi nisa ba aka shiga musalsal, wasan kwaikwayo mai dogon zango na mutanen Koriya, wanda aka sa musu Larabci a baki. Da an yi la'asar matan lungu sun cika mana ɗaki, gwaggonki Saratu a gaba, an dafa shayi, an baje 'ya'yan kankana ana ɓantara. Ni ina tsakar gida ina tsire nama a tsinke, ba na kallo, amma kunnena ba a toshe yake ba.

Labarin har ni da ban kalla ba na haddace shi. Mace ce mai haƙuri, mijinta ba ya ko kallon fuskarta. Ta kawo abinci ya kifar da teburin. Ya fizge ta a tsintsiyar hannu ya ja ta har bakin mota. Uwarsa ta zo ta ƙara mata da mari. Sai a saki wani kiɗa mai sanyi, ƙanƙara tana zuba, a nuno shi shi kaɗai a cikin mota yana kuka. Nan za ka ji Saratu tana cewa ai yana sonta, faɗa ne bai iya ba, matan su amsa mata suna jan hanci.

Ni na san mutanen Koriya, ba a akwatin talabijin na san su ba. Lokacin ina da ƙarfi na yi lebura tare da su a aikin titi can bayan iyakar Harami. Mutane ne masu aiki kamar ba su san rana ba. Ban taɓa ganin ɗayansu yana kuka a mota ba. Na faɗa wa mahaifiyarki haka, ta ce in je in ji da gawayina.

Ke a lokacin kina unguwar Aziziyya a ɗakin mijinki. Ki shaida, ba ni na zaɓa miki Majid ba, ke kika kawo shi, ni kuma ban hana ba. Yaro ne haifaffen Madina, jikan mutanen Kano, yana aiki a otal kusa da Harami. Yana jin Hausa amma da Larabci yake mayarwa. Baffansa Alhaji Ɗahiru ne ya zo neman aurenki da dattawa, aka yi komai a kan hanya.

Sai kika fara zuwa kullum a taksi wai kallon musalsal, alhali kuna da akwati a gidanku. Kina shiga ɗaki cikin mata 'yan'uwanki ba kya cire niƙabi. Wata rana kika miƙo mini kofin shayi, hannun abaya ya zame, na ga sawun yatsu zagaye da tsintsiyar hannunki, sun yi baƙi. Kika ce santsin banɗaki ne ya kwashe ki. Ni da na ƙare rayuwata a kan nama, za a gaya mini banɗaki yana da yatsu?

Na yi wa mahaifiyarki magana, ta ce zaman aure ne, kowace mace da nata. Na ce ita da ta zauna da ni tun kafin a rushe tsohuwar kasuwa, ta nuna mini nata sawun. Ba ta da shi. Ina da faɗa, duk Harra ta shaida, na fasa wa ƙato baki a kan wurin kafa tukuba. Amma ban taɓa ɗaga wa matata hannu ba.

Sai ranar da kika shigo da tsakar rana ba takalmi. Kin tako duwatsun lungun nan da suke dafa ƙwai, ba ki ma ji ba. Abayarki a yage tun daga wuya. Leɓenki ya rabe biyu. Jini yana fita daga kunnenki na hagu yana bin wuyanki, ya bushe wani sabo ya biyo. Da mahaifiyarki ta cire miki riga muka ga bayanki, layi a kan layi. Da igal ya yi miki, baƙar igiyar nan da ake ɗaure ƙyallen kai, ya ninka ta biyu. Da hannunsa ya gaji sai ya kama gashinki ya haɗa kanki da bakin wurin wanke hannu. A kan me? A kan kin bar rigarsa ba guga.

A asibiti likita ya ce dodon kunnen ya fashe. Ya tambaye ki me ya faru, kika ce daga bene kika faɗo. Na buɗe baki, mahaifiyarki ta taka mini ƙafa.

Da muka dawo na tsaya a tsakar gida na faɗa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, na ce 'yata ta yi yaji, kuma ba ta fita ƙofar nan sai an yi biko.

Bari in faɗa wa yaran yanzu da za su karanta, tunda an haife su a nan ba a gaya musu ba. A wurinmu idan miji ya cuci mace ta tafi gidan ubanta, wannan shi ne yaji. Mijin ba ya zuwa shi kaɗai ya ɗauke ta. Manyansa yake turowa. A shimfiɗa tabarma, a faɗi laifin a fili ba a rage ba, sannan dattijo ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki ya ce ya ɗauki wannan yarinya a wuyansa. Wannan shi ne biko. Amfaninsa ba daɗin baki ba ne. Amfaninsa, idan yaron ya sake, uban yarinya ya san rigar wanda zai kama. Haka ubana ya yi wa yayata a Sudan muna kan hanyar zuwa ƙasar nan, a bukkar kara, ba alƙali ba ɗan sanda, kuma mijin bai sake ba har ya mutu.

Washegari mijinki ya kira ni a jawwal, wato wayar hannu. Ya ce ya ammi, yadda Larabawa suke kiran suruki, ina Hadiza? Na ce ta yi yaji. Sai ya ce mini da Larabci, to madalla, idan ta gama dakawa ta dawo da wuri don babu abincin rana a gida, kuma ta taho masa da kaɗan a leda.

Da labarin ya zaga lungu mutane sun yi ta dariya, har yau wasu suna tsokanata da shi. Ni ban yi dariya ba. Mutum ya fasa wa 'yarka kunne jiya, yau yana jiran abincin rana. Bai san yajin mace ba, sai na tsire. A nan na gane bai ma san ya yi wani abu ba.

Na aika wa Alhaji Ɗahiru ya zo da mutanensa. Ya aiko cewa lokacin umara ne, shago ya cika, kuma wannan al'adar ƙauye ce, ƙasar nan akwai mahkama, wato kotu. Na ce to mu je mahkamar. Mahaifiyarki ta zauna a ƙasa tana kuka wai zan tona mana asiri a gaban Larabawa. Ke kuma kika ce in dakata tukuna.

Kwanakin da kika yi a gida su ne na ƙarshe da na ci abinci ya zauna mini. Leɓen ya haɗe. Kina taya ni daka ƙuli-ƙuli, kina yi mini faɗa ina cika gishiri. Amma da la'asar ta yi sai ki shige cikin matan, ki juya kunnen dama wajen akwatin, don na hagun ya riga ya tafi.

Wata la'asar na ji kuka ya tashi a ɗaki gaba ɗaya, na zaci mutuwa aka yi. Na shigo da wuƙa a hannuna ban ma ajiye ba. Ashe mijin nan na cikin akwati ne ya zo ƙofar gidan surukinsa, ya zube a kan gwiwoyinsa cikin ruwan sama, ya kafa goshi a ƙasa. Tsohon yana jibgarsa da tsintsiya, shi ko bai motsa ba. Sai matar ta fito da gudu ta kife a kansa. Na dubi matan, kowacce fuska sharkaf. Na ga Saratu ba akwatin take kallo ba, ke take kallo. Ke kuma ko ƙiftawa ba kya yi.

Na hau rufi da taɓarya. Na bugi farantin nan har ya lanƙwashe, na sare wayarsa da wuƙa, na tumɓuke shi da ƙusoshinsa na jefo shi lungu. Ƙarar sai da ta fito da mutane daga gidajensu. Washegari matan suka kwashi shayinsu suka koma gidan Saratu, ke ma aka yafa miki mayafi aka tafi da ke.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko, ina gyara tukuba a ƙofar gida sai ga taksi. Majid ya fito shi kaɗai. Babu baffansa, babu dattijo ko ɗaya. Ba farar riga, ba ƙyalle a kai. Baƙar kwat ya sa da wando, a zafin Madina, ya rungumo furanni a cikin leda mai ƙyalli. Ya zo gabana ya zube a kan gwiwoyinsa a kan baƙin dutse, ya kafa goshi a ƙasa.

Ya ce, “Ya ammi, ka dake ni. Ba zan tashi ba sai ka yafe.”

Yaron da bai san yaji ba, wa ya koya masa wannan? Wa ya gaya masa irin rigar da zai sa? Har yau ina tambaya. Saratu ta rantse ba ita ba ce, amma ba ta yarda ta dafa Alƙur'ani ba.

Na ce masa ina baffanka. Ya ce wannan tsakaninsa da matarsa ne. Na ce ɗaga kanka, nan garin Manzo ne, ba a yi wa ɗan Adam sujada. Bai ɗaga ba. Lungu ya cika. Ina jin matan a bayan ƙofa suna shessheƙa, wata har tana cewa wallahi sak na cikin akwati.

To, ya ce in dake shi, na dake shi. Taɓaryar tana jingine a bango. Na farko a kafaɗa na sauke masa, na ji ƙashin ya amsa irin yadda na rago yake amsawa a kan gungume. Ya yi ƙara ya ɗago, abin da ya ƙi yi don Allah ya yi don zafi. Na biyu ya same shi a gira, jini ya wanke masa fuska ya zuba a kan furannin. Na ce masa wannan na kunne ne, saura na baya. Na ɗaga na uku.

Sai ga ki. Ba mayafi, kai a buɗe, a gaban duk mazan lungu, ke da ko shara ba kya fitarwa sai kin rufe fuska. Kika kife a kansa. Taɓarya ta riga ta taho. Ban ce ba ta same ki ba, ta same ki a gadon baya, na ji numfashinki ya fita. Amma ba ke na nufa ba, kuma wanda ya tura ki ƙarƙashinta shi zai amsa a gaban Allah, ba ni ba.

Kika ɗago kika dube ni, kika ce, “Baba, ya isa. Ka ga ya canja.”

Maganarki ta ƙarshe ke nan da na ji. Maza suka rirriƙe ni ta baya. Ina gani aka miƙo miki abaya, kika shiga taksin nan kika ɗora kansa a cinyarki kina share masa jini da gefen abayar. Ina ihu ina cewa ba a yi biko ba, ba wanda ya ɗauke ta a wuyansa, ku tsayar da motar nan. Babu wanda ya motsa. Mahaifiyarki tana bakin ƙofa tana ɗaga miki hannu.

'Yan sanda sun zo sun tafi da ni. Majid ya aiko daga asibiti ya ce ya yafe, aka sake ni. Da wannan ya zama waliyyi a Harra, ni na zama mahaukacin tsohon da ya karya surukinsa yana durƙushe. Har masu sayen tsire wasu suka canja wuri. Su canja. Ko yau aka dawo da ranar, na ukun kawai zan gyara wa hanya.

Na yi fushi ban neme ki ba na ɗan lokaci, na ce ke za ki zo. Ba ki zo ba. Mahaifiyarki ta kira lambarki aka ce a rufe take. Ta kira tasa, ita ma haka. Sai na hau mota na tafi Aziziyya. Na tarar da wasu mutane a gidan, har sun sa labulensu.

Mai gadin ginin, wani Bahaushen Sudan, ya ja ni gefe. Ya ce shi bai so ya shiga maganar mutane ba, amma tunda ni ne uba zai faɗa. Ya ce ba a daɗe da dawowarki ba ya fara jin abin da ya saba ji ta tagar bene. Ya ce hannun daman Majid yana rataye a wuya ba a ma kwance ba, da hagun yake dukanki. Ya ce ranar da za su tashi da hantsi aka kwashe kaya, daga ƙarshe Majid da wani abokinsa suka sauko da ke a naɗe cikin bargo suka sa ki a bayan mota. Na ce tana motsi? Ya ce bai lura ba. Na ce ta yi magana? Ya ce bai ji ba. Abin da ya tabbatar kawai, ƙafarki ba ta taɓa ƙasa ba.

A otal suka ce ya ajiye aiki. Inda na kai ƙara suka ce mace tana tare da mijinta, ita ba ta kawo kuka ba, in kawo hujja.

Daga nan na wuce shagon dabinon Alhaji Ɗahiru. Yana zaune yana auna wa baƙi. Na ce ina ɗanka ya kai mini 'ya. Bai ko tashi ba.

Ya ce, “Malam Bawa, ni na zo biko? Na ɗauki wani abu a wuyana? Wanda ya durƙusa maka, shi za ka tambaya.”

Na cakumi wuyan rigarsa na fizgo shi ta kan teburin, rigar ta tsage har ciki. Tiren dabino ya kife, ma'auni ya faɗo masa a ƙafa, na danna kansa a cikin buhu ina tambayarsa. Mutum nawa suka taru kafin su ɓanɓare ni, ban sani ba. Amma abin da ya fi ƙona ni, ina tafe a hanya ina haki, na san a bisa al'adarmu gaskiya ya faɗa. Mutumin da ya ce al'adar ƙauye ce, da ita ya kare kansa. Ba shi da abin amsawa. Da an bar ni na riƙe ki har dattawa sun zo, da yau akwai wanda dole ya buɗe mini baki.

Mahaifiyarki ta kalli musalsal ɗin har ƙarshe a gidan Saratu. Ta dawo ta gaya mini ban tambaye ta ba, wai sun shirya, har sun haihu, an nuno su suna tafiya a bakin teku. Ta ce ka gani, ƙarshensa alheri ne. Ina jin kanta take gaya wa. Daga shekarar ba ta ƙara lafiya ba. Da ciwon ya kwantar da ita ta sa aka juya mata gado ya kalli ƙofa. Ta rasu tana kallon ƙofar.

Ba ki zo ba, Hadiza. An yi kwanakin zaman makoki, mutanen Makka sun zo, na Jidda sun zo. Ke da ko ciwon kai ta yi sai kin hau taksi kin zo kin dafa mata kunu. Mutuwar Bahaushiya a Madina ba ta ɓuya, kafin a binne an ji a Riyad. Tun ranar nake tsoron abin da ba na son Yaƙubu ya rubuta.

Saratu ta ce an ce kina Tabuk har da 'ya'ya. Wata ta ce an ce Yanbu. Wani direba ya ce an ce an ga mai kama da ke a wani asibiti a Jidda. Duk wanda na kama na ce kai ka gani da idonka, sai ya ce a'a, an dai ce. Na bi “an ce” ɗin nan gida gida, ban taɓa isa wurin wanda ya fara cewa ba.

Uwani. Bari in kira ki da sunan da nake kiranki, na gaji da Hadizar nan. Sunan uwata na sa miki, matar da ta goyo ni ta ratsa daji da ƙafa har bakin teku, shi ya sa ban taɓa iya kiran sunanki kai tsaye ba sai a takardar nan.

Kina ƙarama kina zama a kan buhun gawayi kusa da tukuba, ki jira in juya baya ki zare hanta daga tsinke, ki cusa a baki da zafinta, hawaye yana zuba kina cewa ba ke ba ce. Ina sane nake juya bayan. Kullum sai na tsira tsinke ɗaya hanta zalla na ajiye a gefen da wuta ba ta da ƙarfi.

Ranar da tartsatsi ya kama mini gemu ke kika fara gani. Ba ki yi ihu ba, kika kwara mini ruwan wanke nama a fuska, sannan kika ce, “Baba, da na bari ka gasu da an saya?” Duk layin sai da suka riƙe ciki.

Ban sauka daga maganata ba, kuma ba zan sauka ba. Ba a yi biko ba. Abin da aka yi a ƙofar gidana wasan akwati ne aka kwaikwaya, ba dattijo, ba tabarma, ba wanda ya ɗauki nauyi. Don haka a wurina har yanzu kina yaji, ɗauke ki kawai aka yi, kuma gidanki nan ne. Ba sai kin ba ni haƙuri ba, ni ma ba zan ba ki ba. Ki shigo kawai ki zauna. Idan da 'ya'ya ki taho da su, ko Larabci kaɗai suke ji zan san yadda zan yi da su.

Yanzu na bar tsire, wuƙa ta fara cina. Da safe nake hawa bas in tafi Harami in wuni. Kin san yadda ake yi, ana idar da farilla sai a yi shelar sallar gawa. Idan aka ce namiji ne ko yaro, in yi sallata in zauna. Idan aka ce mace ce, sai in miƙe. In bi makarar har maƙabartar Baƙi'a ina kutsawa cikin mutane ina tambayar masu ɗauka, 'yar wace unguwa ce, baƙa ce ko fara, shekarunta kamar nawa. Wata rana na ga baƙaƙe ne suka ɗauko, ba wanda ya kula ni, sai na riƙe ƙafar makarar na tsayar da ita. Wani saurayi ya bangaje ni na faɗi a kan dutse, haƙorina ya fita. Uwarsa ce. Ban ga laifinsa ba.

Na san in ma abin ya faru, ya daɗe da faruwa, kuma ba lallai a garin nan ba. Na sani. Amma ƙafata ba ta sani ba.

Ga inda abin ya tsaya mini. Idan na ɗaga hannu bayan sallah na zo kanki, sai bakina ya tsaya. In na ce Allah ya ba ki lafiya, sai in ji tsoron kina kwance a ƙasa shekara da shekaru ubanki bai taɓa nema miki gafara ba. In na ce Allah ya jiƙan ki, sai in ji kamar da bakina na kashe ki. Haka nake sauke hannun ban ce komai ba.

Yau dai zan yi duka biyun, tunda a takarda ne. Idan kina numfashi, Allah ya tsare miki kunnen da ya rage, ya riƙe hannun da yake tashi a kanki, ya buɗe miki ƙofa ya nuna miki hanyar Harra. Idan kuma kin riga ni, Allah ya yalwata miki, ya haɗa ki da mahaifiyarki da mai sunanki, ya sa abin da kika sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya yi miki albarka a duk inda kike cikin biyun. Amin.

Ku kuma da kuke karantawa, Majid, Alhaji Ɗahiru, Saratu, abokin da ya kama bakin bargo, direban da ya ja motar, matar da take maƙwabtaka da wata Bahaushiya mai juya kunnen dama idan ana mata magana: a cikinku akwai wanda ya sani. Ba na neman a kama kowa, na daina. Ba zan ɗaga wa wanda ya zo hannu ba, ƙarfin ma babu. Mutum ɗaya nake nema ya tako ƙofar gidana da rana tsaka, ya dubi idona, ya gaya mini wace addu'a zan yi wa 'yata, ta masu rai ko ta matattu. Ku ba ni amsa kafin a yi shelar tawa gawar.

Wassalam.

Mahaifinki,
Bawa Mai Tsire,
Harra ta Gabas, Madina.